Filin Likita: Rama, Yaushe Take Zama Abin Tsoro?

Saƙonnin da suka shigo filin nan a watan jiya, galibinsu daga cikin Zariya da kewaye, a kan rama suka karkata. Wasu maganin ƙiba suke nema, wasu kuma hankalinsu ya tashi ne a kan 'ya'yansu ko iyayensu. Mun tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani jama'a da yawa, mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba. Likita da masaniyar abinci mai gina jiki ne suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 22, kuma tun ina yaro siriri nake, ba na jin ciwon komai. Tsawona mita 1.75, nauyina kilo 54. Abokai sun ishe ni da tsokana. Shin akwai wata illa, ko halittata ce kawai?
*Wani ɗalibi, Samaru*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan magana mun fi yarda da sikeli da tef, kuma ka kyauta da ka turo alƙaluma. Ga lissafin da asibiti ke yi, wanda ake kira BMI. Ka ninka tsawonka da kansa, 1.75 sau 1.75, ya ba da 3.06. Sai ka raba nauyinka da wannan, 54 a raba da 3.06, ya ba da 17.6. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, babban mutum yana daidai idan lissafinsa ya faɗa tsakanin 18.5 da 24.9. Daga 17 zuwa 18.4 rama ce mai sauƙi, daga 16 zuwa 16.9 ta fara nisa, ƙasa da 16 kuwa sai asibiti, ko da mutum yana yawo da ƙafarsa. Kai a matakin farko kake. Kilo 3 ya rage maka ka kai 57, ka shiga sahun daidai. Lissafin na manya ne, ba a yanke wa yara ko masu juna biyu hukunci da shi.

Akwai sirantaka ta gado, ba ma musu. Alamarta, nauyin ya tsaya wuri ɗaya shekara da shekaru, mutum yana cin abincinsa, yana aikinsa, ba ya yawan kwanciya ciwo. Idan haka kake, hankalinka ya kwanta. Sai dai siriri ba shi da ajiya. Ranar da zazzaɓin cizon sauro ko taifot ya kwantar da mutum sati guda ba ya iya cin abinci, jiki kan abin da ya tara yake komawa. Mai ɗan kitse, kitsen za a ci. Wanda ba shi da shi, tsokarsa za a ci, alhali zuciya ma tsoka ce, haka naman da ke ɗaga ƙirji mutum ya yi numfashi ko tari. Shi ya sa ciwon da abokinka zai wartsake daga shi cikin 'yan kwanaki, kai zai iya daɗewa yana jan ka.

Garkuwar jiki da furotin ake gina ta, wato sinadarin gina jiki da ake samu a irin su nama, ƙwai da wake. Idan ya yi ƙaranci, mura da gudawa da maruru sai su riƙa zarya, kuma rama tana cikin manyan abubuwan da ke ba tarin fuka, wato TB, damar kama mutum. Rauni yakan daɗe bai warke ba, ɗinkin tiyata yakan ƙi kamawa da wuri. Ƙarancin jini yakan biyo baya, ga jiri, ga haki wajen hawa bene, ga karatu ya ƙi zama. Abin da matasa ba su cika sani ba shi ne ƙashi: daga ƙuruciya zuwa wajen shekara 30 yake tara ƙarfinsa, bayan nan sai cin abin da aka tara. Wanda ya wuce waɗannan shekaru a rame, da ƙashi maras ƙwari zai shiga tsufa.

Gyaran ba ya buƙatar kemis. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Ka ƙara kalori 500 a rana a kan abin da ka saba ci, za ka iya samun kusan rabin kilo a sati. Soyayyar gyada cikin tafin hannu ɗaya, kamar giram 30, tana da kalori wajen 170. Dafaffen ƙwai biyu, 150. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyada ko manja, 120. Ayaba ɗaya, wajen 100. Ka haɗa waɗannan, ka riga ka wuce 500. Amma ƙari ne, ba madadin tuwo ba. Ga ɗalibi mai lissafin aljihu, wake ya fi nama araha: ƙosai, alala, ɗan wake, shinkafa da wake da mai, da awara. Shi kuwa faten da ake tsokanar mu Zage-zagi da shi, abinci ne mai kyau, amma idan ruwa da ganye suka rinjaye shi, ciki kawai yake cikawa. A zuba masa dakakkiyar gyada da wake da manja, sai ya zama abincin mai neman jiki. Fura da nono ma tana yi, muddin nonon dafaffe ne. Gyadar da ta yi funfuna ko take ɗaci a zubar, gubar da ke cikinta hanta take kamawa.

Ka raba cin sau biyar ko shida a rana, ka daina cika ciki da ruwa ko lemon kwalba kafin abinci. Sau uku a sati ka yi motsa jiki na ƙarfi, irin tsugunna-tashi da ɗaga jiki da hannu daga ƙasa, don abin da ka ƙara ya tafi tsoka. Ka riƙa hawa sikeli ɗaya, sau ɗaya a sati, da safe kafin kari. In aka yi wata biyu sikeli bai motsa ba, ka je a duba bahaya ko akwai tsutsar ciki, a auna sukari da yawan jini.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Saura wata biyu bikina. Shekaruna 23, tsawona mita 1.62, da can kilo 45 nake. Gwaggona ta ce ba za a kai ni ɗakin miji kamar wadda ba a ba abinci ba. Wata ƙawata ta kawo min 'yan ƙananan ƙwayoyi da wani maganin ruwa, yau sati biyar ina sha. Fuskata ta ciko, kowa na yabawa, amma cikina ya fara yin layi-layi, ƙafata kuma tana kumbura da yamma. In ci gaba ko in bari?
*Wata budurwa, Tudun Wada*

Amsa: Ƙanwata, kada ki ci gaba, kuma kada ki yanke shi yau da kanki. Ki saurari dalili da kyau, domin a nan mutane ke halaka.

Alamun da kika lissafa na ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe ne. Mafi yawan lokaci deksametason ce, kuma in ba a cire ta daga ledarta ba za ki ga an rubuta Dexamethasone. Magani ne mai ƙarfi da likitoci ke bayarwa a ciwon asma mai tsanani da wasu cututtuka na kumburi, na ɗan lokaci, bisa awo. Ba ya gina jiki. Gishiri da ruwa yake tarawa, ya kwashe kitse ya jibge a fuska da ƙeya da ciki, sannan ya riƙa cinye tsokar cinyoyi da damatsa. Wato wuraren da amarya ke so su ciko su ne ke zubewa, fuska ta yi zagaye, ƙafafu su sirance. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan. Layukan da kike gani nankarwa ce, fata ce ta yi laushi ta tsage daga ciki, kuma irin wannan ba ta cika ɓacewa gaba ɗaya ba. Idan aka daɗe ana sha, ga hawan jini, ga ciwon sukari, ga gyambon ciki, ga ƙuraje da gashi a fuska, ga rikicewar al'ada, ga yanar ido. Yakan raunana ƙashi, har kan ƙashin ƙugu ya lalace wa mai ƙananan shekaru ta koma ɗingishi. Yana kuma danne garkuwar jiki, tarin TB da ke kwance ya farka.

Dalilin da ya hana yankewa farat ɗaya: a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta mai fitar da sinadari irin wannan, wanda ke riƙe bugun jini da sukari. Idan aka wuce kamar sati uku ana kawo shi daga waje, sai ta kwanta ta daina aiki. Kika yanke yau, ba na waje ba na ciki. Sai amai, kasala, jiri, jini ya faɗi, wani lokaci har suma da rasa rai. Likita ne zai riƙa rage miki awon sannu a hankali har halittar ta farfaɗo. Ki je asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu, da ƙwayoyin da kwalbar a hannunki, ki faɗi gaskiyar guda nawa kike sha a rana da ranar da kika fara. A auna miki jini da sukari. Ba wanda zai ci ki tara.

Na ruwan kuma galibi sifrohebtadin ne, maganin ƙaiƙayi da borin jini wanda ke buɗe ciki. Yana sa barci mai nauyi, kuma an samu waɗanda ya taɓa wa hanta. Haka haɗe-haɗen ƙiba da ake sayarwa a gora ko ƙullin leda ba suna ba lambar NAFDAC, sau da yawa irin waɗannan ƙwayoyi ake dakawa a zuba a ciki a ce na gargajiya ne.

Lissafinki kafin ki fara sha 17.1 ne. Kilo 49 zai kai ki daidai, wato ƙarin kilo 4. A sati takwas, abinci zai iya ba ki kilo 2 zuwa 4. Kunun gyada mai kauri, kunun aya da dabino da kwakwa, kindirmo, ƙwai, farfesu, duk abin da iyaye suka saba gyara amare da shi ne, kuma yana aiki. Ki sani fuskar za ta saɓe yayin da ake rage maganin. Ruwa da kitsen da maganin ya tara ne ke fita, kada wani ya ruɗe ki ki koma. Gwaggo kuma, Allah ya ƙara girma, muna roƙo a sassauta wa yaran nan. Maganar da ake yi musu a tsakar gida ita ke tura su kemis.

Tambaya: Ni tela ne, shekaruna 38. Wata huɗu da suka wuce kilo 68 nake, yanzu na dawo 59. Ina tari ya fi wata guda, da dare kuma in jiƙe sharkaf da zufa. Na sha na kemis, na sha na gargajiya. A gida ana cewa sammu ne. Wane maganin ƙarin jini ko na cin abinci zan saya?
*Wani magidanci, Sabon Gari*

Amsa: Malam, ba ko ɗaya. Taka ramar daban take da ta ɗalibin da ke sama. Shi tasa a tsaye take, taka tafiya take yi. Ƙa'idar likitoci ita ce duk wanda ya zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata 6 zuwa 12 ba da niyya ba, a bincike shi. A wajenka kilo 3 da rabi ke nan. Kai kilo 9 ka zubar, kashi 13 cikin 100, a wata huɗu.

Tari na sama da sati biyu, zufar dare da rama, abu na farko da za a nema TB ne. Za a karɓi majinar ƙirjinka a sa a na'urar GeneXpert, wadda ke nuna ƙwayar cutar da kuma ko ta bijire wa magani. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware, kuma mu a Zariya abin a kusa yake: ga cibiyar TB da kuturta ta ƙasa a Saye, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga Asibitin Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan. Maganin wata 6 ne, wata 2 na farko haɗin magani huɗu, wata 4 na baya haɗin biyu. Fitsari zai koma ja-ja, aikin ɗaya daga cikin magungunan ne, ba jini ba ne. Inda ake tafka kuskure shi ne bayan wata biyu, tari ya lafa, jiki ya fara dawowa, sai mutum ya ajiye magani. Daga nan cutar ke dawowa da taurin kai, maganinta ya ƙara tsawo da wuya. Ka kuma daina sayen magungunan kashe ƙwayoyin cuta a kemis, wasu daga cikinsu suna lafar da TB na ɗan lokaci su rikitar da gwaji.

A wannan zuwan ka yarda a yi maka gwajin HIV, domin su biyun sukan zo tare, kuma shi ma maganinsa kyauta ne, mai shan sa yana rayuwarsa yana sana'arsa. A auna sukari kafin kari: 126 ko sama a ma'aunin miligiram, idan an maimaita aka sake samu, ciwon sukari ne, wanda shi ma ke ramar da mutum yana ci yana sha, ga ƙishirwa ga yawan fitsari. In duk waɗannan ba su nuna komai ba, sai a duba maƙoƙo, musamman idan akwai bugun zuciya da rawar hannu da jin zafi, sannan hanta, ƙoda da hanji.

Addu'a ba ta hana gwaji, ka haɗa biyun. Kafin sakamako ya fito ka riƙa rufe baki in za ka yi tari, a buɗe tagogin shago da na ɗaki. Idan ta tabbata TB ce, a kai iyalinka da yaran shagonka a duba su, musamman 'yan ƙasa da shekara 5, akwai maganin kariya da ake ba su.

Tambaya: Ina da ciki wata uku, na uku ke nan. Tsawona mita 1.58, kafin cikin kilo 43 nake. Laulayi ya hana ni cin abinci. Surukata kuma ta ce kada in cika ci, kada ɗan ya yi girma haihuwa ta yi wuya.
*Wata matar aure, Jushi*

Amsa: Malama, Allah ya raba lafiya. Da lissafin 17.2 kika shiga cikin nan, wato a rame. Mace irinki ana so ta ƙara kilo 12.5 zuwa 18 kafin haihuwa, fiye da mai matsakaicin jiki da ake nema wa 11.5 zuwa 16. Daga wata na huɗu, kusan rabin kilo ke nan duk sati.

Tsoron Hajiya na ƙaton jariri mun fahimce shi, amma a wajenki haɗarin ta ɗaya ɓangaren yake: bakwaini, ko jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, wanda ke fama da sanyi da kasa kama nono da saurin kamuwa da cuta. Ke kuma ƙarancin jini, wanda ke sa zubar jinin da wata za ta jure ya kayar da ke. Ki fara awo yanzu, kada ki jira ciki ya fito. Ana so a gan ki aƙalla sau 8. Za a auna damtsenki, idan bai kai santimita 23 ba za a ƙara sa miki ido. Ƙwayar ƙarin jini da folik asid kullum ne. Za ta baƙanta bahaya, ba komai. Kada ki haɗiye ta da shayi, yana hana jiki tsotse ta, lemon zaƙi ko gwaiba suka fi dacewa. Daga wata na huɗu akwai maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu ciki wata-wata a wajen awo, ga kuma gidan sauro.

Laulayi: ki ɗan ci busasshen abu kamar biredi ko biskit kafin ki sauko daga gado, ki riƙa ci kaɗan-kaɗan duk awa biyu zuwa uku, ki raba lokacin ci da na shan ruwa. Citta tana taimaka wa wasu. In ya kai ko ruwa ba ya zama kwana guda cur, ko fitsari ya ragu ya yi duhu, sai asibiti. Idan laulayi ya lafa, ki ƙara kwano ɗaya a kan abin da kika saba, da ƙwai, wake, kifi, nono da zogale. Ƙwai ba ya yi wa ɗan ciki komai sai alheri. Bayan haihuwa ku zauna da maigida kan tazara, ana so a samu wata 24 kafin wani cikin, jiki ya mayar da abin da ya fitar.

Tambaya: 'Yata shekararta 17. Ta daina cin abinci da mu, kullum tana cewa ta yi ƙiba alhali ƙasusuwan wuyanta a waje suke. Tana shan wani shayin rage tumbi. Wata huɗu ba ta ga al'ada ba, an gwada ba ciki.
*Wata uwa, Gyallesu*

Amsa: Hajiya, wannan ciwo ne sananne, ba taurin kai ba ne, ba kuma iskokai ba. Mai shi ramammiya take amma idonta ƙiba yake nuna mata. Idan kitsen jiki ya yi ƙasa sosai, ƙwaƙwalwa takan dakatar da sinadaran da ke kawo al'ada, kuma su ne ke riƙe ƙarfin ƙashin mace. Al'adar takan dawo idan nauyi ya dawo, don haka kada a sayo mata ƙwayar kawo jini, rufe matsalar kawai za ta yi. Abin gaggawa shayin ne. Yawancin irinsa maganin gudawa ne ko na fitsari, yana zubar da sinadarin fotasiyam, ƙarancinsa kuma yana rikita bugun zuciya. Ki kai ta asibiti a satin nan a auna jini da zuciya, a haɗa ku da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai shi a Shika. In ta suma, ko bugun hannunta ya sauka ƙasa da 50 a minti, a ranar za a tafi. Duka da gori da ɗura ba sa magani, ɓoyewa kawai za ta ƙara koya.

Tambaya: Ɗana watansa 15. Mahaifiyarsa ta samu ciki, aka yaye shi rana ɗaya aka kai shi wajen kakarsa. Koko ne abincinsa. Ya yi gudawa ya rame, gashinsa ya yi ja, ya daina wasa. Kwanan nan ƙafafunsa da kumatunsa sun ciko, kakarsa ta ce ya fara murmurewa. Ni dai hankalina bai kwanta ba.
*Wani uba, Wusasa*

Amsa: Malam, gaskiyarka. Ka ɗauko yaron nan yau. Ka danna babban yatsanka a bayan ƙafafunsa biyu, ka ƙirga daƙiƙa 3, ka ɗaga. Idan rami ya zauna a duka biyun, ruwa ne, kuma alamar tamowa ce mai tsanani ko da sikeli ya nuna nauyi. Ga yaran da ba su kumbura ba, daga wata 6 zuwa shekara 5, tef ɗin damtse ake sa musu: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya, daga 12.5 zuwa sama kore.

Kada a tsaya a kemis a sa masa ƙarin ruwa, kada a ba shi maganin fitsari don kumburi ya saɓe, kada a fara masa maganin ƙarin jini, kada kuma a cusa masa abinci mai nauyi don a rama abin da ya wuce. Zuciyar irin wannan yaro ta yi rauni, ruwa ko abinci mai yawa lokaci guda yana iya tsayar da ita. Shi ya sa a asibiti ake farawa da wata madara ta musamman mai suna F-75, kaɗan-kaɗan duk awa 2 ko 3, dare da rana, tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin yaro mai tamowa yakan ɗauki cuta jikinsa bai yi zafi ba. A hanya ku lulluɓe shi har kai, ku riƙa ba shi ɗan ruwan sukari, sanyi da faɗuwar sukari su ne ke saurin kashewa. Idan ya farfaɗo ya karɓi abinci, za a koma ba shi haɗin gyaɗar nan na leda, mai giram 92 da kalori 500. Magani ne da aka ƙidaya daidai nauyinsa. Ba na yayyensa ba ne, ba na shafa wa biredi ba, ba na kai wa kasuwa ba.

Koko tsararo ruwa ne ya fi yawa a cikinsa, cikin yaro kuma ƙarami ne, yana cika bai samu komai ba. Idan an sallame ku, kunu ya zama mai kauri, wanda ba ya zuba da sauri idan an karkata cokali. Ga haɗin da ake koya wa iyaye: gero ko dawa ko masara awo 6, waken soya awo 3, gyaɗa awo 1. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne daban, waken soya ya soyu sosai a cire ɓawonsa, sannan a niƙa tare. A dama, a sa ƙaramin cokalin mai. Ci 3 zuwa 4 a rana da ɗan abin taɓawa sau biyu, a kwanonsa shi kaɗai, babba na zaune kusa. A duba katinsa na rigakafi, a karɓi bitamin A da maganin tsutsar ciki duk wata 6. Don gaba kuma, nonon mai ciki ba guba ba ne. Mace mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa, a yaye a hankali.

Tambaya: Mahaifinmu shekararsa 74. Tun rasuwar mahaifiyarmu rigunansa suka yi masa yawa. Koko, shayi da goro ne abincinsa, ga azumin Litinin da Alhamis. Kwanaki ya faɗi a banɗaki. 'Yan'uwa sun ce tsufa ne.
*Wata 'ya, Kwarbai*

Amsa: Malama, Allah ya jiƙan Mama, ya ƙara wa Baba lafiya. Tsufa yana rage tsoka a hankali, amma riga ta yi wa mutum yawa cikin 'yan watanni ba tsufa kaɗai ba ne. Ramar tsoho ta fi ta matashi haɗari: ƙafa ta rasa ƙarfi, ya faɗi, ƙugu ya karye, kwanciya ta jawo gyambon baya da ciwon huhu. Idan bayansa ya ranƙwafa awon tsawo ba zai yi daidai ba, sai ki zagaya tef a inda sha-raɓarsa ta fi kauri. Ƙasa da santimita 31 alama ce tsoka ta zube.

Ki fara da bakinsa. Haƙori mai girgiɗi ko ciwon dasashi ya isa ya mayar da mutum kan koko. Ki tattara duk magungunan da yake sha ki nuna wa likita, wasu na sukari da na zuciya suna kashe sha'awar abinci. Goro da shayi mai kauri ma haka, a matsar da su zuwa bayan cin abinci. Sai kaɗaici. Wanda ya shekara arba'in ana ajiye masa kwano ana zama kusa da shi, ba lalle ya iya ci shi kaɗai a zaure ba. A sa jika ko ɗa ya riƙa ci tare da shi. Idan ga rashin barci da yawan shiru, a faɗa wa likita, ciwon damuwa yana da magani.

Tsoho yana buƙatar furotin giram 1 zuwa 1.2 a kowane kilo na nauyinsa, in dai ba shi da ciwon ƙoda. Mai kilo 50, giram 50 zuwa 60 ke nan a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin nono wajen 8, kofin dafaffen wake wajen 13, kifi kamar faɗin tafin hannu wajen 20. A ba shi masu laushi: alala, faten wake, kifi maras ƙaya, dambun nama a miya, kokon ma a dama shi da madara da gyaɗa. Ya riƙa takawa zuwa masallaci da sanda, a kafa masa abin kamawa a banɗaki.

Azumin Litinin da Alhamis nafila ne, ko a na farilla ma aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi wa maras lafiya rangwame. Daga bakin 'ya'ya ba lalle ya karɓa ba, ku nemi malamin da yake jin maganarsa ya ba shi shawarar ya dakata har nauyinsa ya dawo. Ki kuma tambaye shi abu uku kai tsaye, domin dattawa ba sa faɗa da kansu: ko abinci yana tsaya masa a maƙogwaro, ko bahayarsa ta koma baƙa ko da jini, ko fitsari yana yi masa wuya. In ya amsa ɗaya daga ciki, a kai shi Shika ko Gambo Sawaba a satin nan, kada a jira a ga abin da abinci zai yi.